Motar farko: Ku saya wa 'ya'yanku wadda za ta yafe musu kuskure

A watan jiya wani dattijo maƙwabcina ya nemi in raka shi wajen dillalan mota. 'Yarsa ta kammala hidimar ƙasa, ta samu aiki a can wani gefen gari, kuɗin Adaidaita Sahu kuma na neman cinye rabin albashinta. Muna shiga filin, dillali ya tarbe mu da fara'a, ya ja mu kai tsaye zuwa gaban wata baƙar mota mai ƙyalli.

"Alhaji, wannan ita ce dai-dai da gidanka. Fulogi shida ce, idan ta taka totur ko iska ba ta kamo ta."

Alhaji ya shafa jikin motar, ya dube ni. Na ce: "Baba, a tambaye shi ko jakar iskarta na nan." Dillali ya yi dariya, ya ce ai Allah ne ke kiyayewa. Gaskiya ya faɗa, Allah ne ke kiyayewa. Amma shi da kansa da ya tashi tafiya gida da yamma, sai da ya sa ƙwado a ƙofar ofishinsa.

Ra'ayina a kan wannan batu guda ɗaya ne. Sabon direba zai yi kuskure, komai natsuwarsa. Zai shiga kwana da gudun da ya wuce kima, zai taka birki a makare, wata rana zai kauce wa akuya ko ɗan acaɓa da ƙarfin da bai kamata ba. Saboda haka motar da ta dace da shi ita ce wadda za ta iya rufa masa asiri a wannan daƙiƙar, ta bar shi da rai ya koyi darasi. Launi da suna da girman allon rediyo duk suna bayan wannan.

Dalilin damuwa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Wato daidai shekarun da muke miƙa wa 'ya'yanmu da ƙannenmu makullin mota karon farko.

Duk da haka, idan aka tashi sayen motar, kurakurai biyu ne suka fi yawa a gidajenmu.

Na farko shi ne a sauke wa yaro tsohuwar motar gida. Golf 3 ta shekarun 1990 ko wata 406 da ta gaji, a ce ya koya da ita, in ya ƙware a saya masa mai kyau. Lissafin a nan shi ne ko ya buga ta ba a yi asara mai yawa ba. Amma wannan lissafin na ƙarfe ne, an manta da wanda ke zaune a ciki. An ba direban da ya fi kowa rashin ƙwarewa motar da ta fi kowace rashin kariya.

Na biyu shi ne motar nuna isa. Uba mai hali ya saya wa ɗan shekara 20 Marsandi ko wata mai babban inji, don a san ɗan wane ne. Duk wanda ya taɓa ganin wasan mota a wajen biki a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san inda wannan ke kaiwa. Inji mai ƙarfi a ƙarƙashin ƙafar matashi tamkar ajiye fetur ne kusa da murhu. Kuma ilimin kimiyya ba ya sassauta wa kowa: idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota ke buƙata kafin birki ya tsayar da ita yana ninkawa sau huɗu.

Ƙarama, amma ba ƙanƙanuwa ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya koma neman ƙaramar mota mai tsimin mai. Wannan daidai ne, sai dai ƙanƙantar ma tana da iyaka. Akwai 'yan mitsi-mitsin motoci da aka ƙera domin lungunan biranen Turai da Asiya, waɗanda tazarar da ke tsakanin gwiwar direba da bamba ba ta taka kara ta karya ba. Idan mota biyu suka yi taho-mu-gama, wadda ta fi rashin nauyi ita ke shan mafi yawan bugun. A hanyoyinmu kuwa da tirela da tanka da tifa ake gogayya.

Abin da ya fi dacewa shi ne tsaka-tsaki: mota mai ƙofa huɗu, mai fulogi huɗu, mai inji lita 1.6 zuwa 2.0. Ajin su Toyota Corolla da Honda Civic da Mazda3 da Hyundai Elantra ke nan. Suna da gaban da zai lanƙwashe ya shanye ƙarfin karo kafin ya isa ga mutum, ba sa zuƙar mai, kuma ƙarfinsu bai kai na ruɗar yaro ba.

Haruffa uku da dillali ba zai ambata ba

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak da mai saye zai tambaya, zan ce na'urar daidaita mota idan ta fara ƙwacewa. Sunanta na gama-gari ESC. Toyota na kiranta VSC, Honda na kiranta VSA, Volkswagen da Marsandi kuma ESP. Aikinta shi ne ta riƙa auna inda sitiyari ya nufa da inda motar ke tafiya a zahiri. Da zarar ta ga sun saɓa, sai ta kama birkin taya ɗaya ita kaɗai, ta rage ƙarfin inji, ta dawo da motar kan hanya tun kafin direba ya gane abin da ke faruwa. Cibiyar IIHS ta Amurka, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta gano cewa na'urar na rage haɗarin mutuwa a hatsarin da mota ke yi ita kaɗai da kusan rabi. Irin hatsarin da muke ji kullum ke nan: mota ta ƙwace, ta faɗa rami, ta wuntsila.

Amurka ta wajabta sanya ta a duk ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Tunda mafi yawan tokumbo ɗinmu daga can suke zuwa, shekarar mota na ba da haske. Tabbatarwa kuma ba ta da wuya: murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ka duba ko hoton mota mai layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta ya kama a dashbod, sannan ya mutu bayan an tayar. Haka fitilar ABS, mai hana tayoyi cijewa idan an taka birki da ƙarfi.

Jakar iska: tana nan ko fanko ce?

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga motocin da ake shigowa da su an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi hatsari a Amurka, aka gyara su a nan. Gyaran jiki da fenti kan yi kyau har ka rantse sabuwa ce. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne jakar iska, wadda kanikawa ke kira eyabag, saboda tsadarta. Sai a liƙe murfin sitiyari, a cire ƙwan fitilar gargaɗi, a sayar. Don haka fitilar jakar iska dole ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Idan ba ta kama ba sam, akwai zance. Idan ta kama ta ƙi mutuwa, nan ma akwai zance.

Akwai kuma matsalar Takata, kamfanin Japan da ya ƙera jakunkunan iska ga manyan kamfanonin mota da dama. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, har ya iya tarwatsa ƙarfen da ke riƙe da shi ya watso wa mutum a fuska. A Amurka kaɗai an yi kiranyen kusan jaka miliyan 67, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Cikin motocin da abin ya shafa akwai Corolla da Matrix da Pontiac Vibe da Civic da Accord na shekarun 2000, wato motocin da suka cika titunanmu. Wadda aka fito da ita daga Amurka kafin a canza mata jakar tana nan da tsohuwar, a cikin zafin da ya fi na can.

Lambar shasi ba ta ƙarya

Kowace mota na da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Da wayar da kake karanta wannan rubutu za ka iya sanya lambar a shafin hukumar NHTSA ta Amurka, ka ga ko akwai kiranyen da ba a gyara ba, kyauta. Sau da yawa ko a Google ka rubuta ta, hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin mai gyaran jiki ya taɓa ta. Ka kuma tabbatar lambar ta yi daidai da wadda ke kan takardun kwastam.

Motar da ambaliya ta taɓa nutsarwa ita ce mafi sharri, domin cutarta a wayoyi take, kuma sai bayan watanni take bayyana. Ɗaga kafet, shinshina, duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Kada ka yarda da abin da mita ta nuna kawai, ana mayar da ita baya. Sitiyari da fedar birki da suka siɗe sun fi ta faɗin gaskiya. Sannan ka je da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ya sa mata kwamfuta. Bakaniken da dillali ya kawo, dillali yake yi wa aiki.

Motar da garinku ya sani

Aminci a Najeriya ba ingancin kamfani kaɗai ba ne. Mota mai aminci ita ce wadda idan ta tsaya wa 'yarka a hanyar Zariya da magariba, bakanike na farko da aka kira zai gane ta, kuma za a samu kayanta a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo washegari. Nan ne Corolla ta yi wa sauran nisa, shi ya sa ma take da tsada ko ta tsufa. Sai dai a kula: yawancin Corolla daga samfurin 2014 suna da giya nau'in CVT, wadda ke da nata man na musamman. Zuba mata man giya na gama-gari na iya kashe ta.

"Ai ba kowa ke da kuɗin ba"

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya. Faɗuwar darajar naira ta sa motar 2012 ta fi ƙarfin ma'aikata da yawa. Amsata ita ce a sauya abin da ake sadaukarwa. Gara motar da aka yi amfani da ita a nan gida, mai tabon fenti, wadda ka san mai ita da tarihinta, da tokumbo mai sheƙi da ba ka san abin da ya same ta ba. Gara kujerar yadi da jakar iska mai aiki, da kujerar fata da sitiyari fanko. Idan kuma abin da ke hannu bai kai ga mota mai lafiya ba, jinkirin wata shida ba abin kunya ba ne.

Kada kuma a ƙarar da kuɗin duka a wajen dillali. A ware na taya: alƙaluma huɗu na ƙarshe a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya na bushewa ta tsattsage ko da zanenta bai cinye ba, kwaltar watan Afrilu kuma ba ta da tausayi. A ware na birki, da na inshora, wadda mafi ƙarancinta ga motar gida ya koma naira 15,000 tun Janairun 2023. A ware na makarantar koyon tuƙi da hukumar FRSC ta amince da ita, a bar yaro ya samu lasisinsa ta hanyar da ta dace bayan ya cika shekara 18. Lasisin da aka kawo har gida ba ya koya wa kowa cewa iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ne a sa'a.

Sai bel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, kuma jakar iska ma an ƙera ta ne domin wanda ya ɗaura bel. Uban da bai taɓa ɗaurawa ba sai ya hango jami'ai, da wuya ɗansa ya ɗauki nasiharsa.

Ranar ba mu sayi baƙar motar ba. Bakaniken Alhaji ya sa mata kwamfuta, ya ja shi gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa. Bayan mako biyu aka samo wata Corolla mai launin toka a hannun wani malamin makaranta da zai yi ritaya, da ƙarce a ƙofar baya. Yarinyar ta ɗan ɓata rai da ta gan ta. Alhaji ya miƙa mata makulli, ya ce: "Uwata, ni dai abin da nake so shi ne kullum in ji ƙarar buɗe get da yamma."