Zuwa ga masu shagunan Fadan Kagoma, kan batun kanta mai ƙyafta ido

'Yan uwana masu shaguna, na Fadan Kagoma da na Kafanchan har zuwa Gidan Waya da Kwoi, 

Akwai wata 'yar na'ura da ta fara cika manyan kantunan duniya, kuma ba za a daɗe ba wani mai zaƙin baki zai shigo shagon ɗayanku da ita a jaka. Gara ku san ta tun bai iso ba. Ɗan allo ne ƙarami da ake maƙalawa a bakin kanta, ƙarƙashin kowane kaya, yana nuna suna da farashi. Ba ya cin batir sosai sai lokacin da rubutun zai canza, shi ya sa batir ɗaya kan yi shekaru. Yana haɗe da kwamfutar kanti ba tare da waya ba: an gyara farashi a kwamfuta, ya gyaru a kanta. Wasu kuma suna da 'yar fitila. Ma'aikaci ya rubuta sunan kaya a wayarsa, sai fitilar ta kama ƙyaftawa a daidai inda kayan yake, a wasu kantunan ma mai saye na iya yin haka da kansa. Kamfanin Pricer na Suwidin da VusionGroup na Faransa suna cikin manyan masu ƙera ta. A watan Yunin 2024 Walmart na Amurka ya ce zai saka ta a kantunansa 2,300 zuwa 2026, domin canjin farashin da ke cin ma'aikaci kwana biyu ya koma na mintoci.

Sai dai kantin Walmart ɗaya yana da kaya sama da iri 120,000, mai saye kuma shi ke yawo da kwando yana ɗauka. Wannan salon na ɗauki-da-kanka ya samo asali ne tun 1916 a Memphis, a kantin Piggly Wiggly. Mu a nan, in aka cire 'yan sababbin kantunan Kafanchan, mai saye a bakin ƙofa yake tsayawa ya faɗi abin da yake so. Saboda haka wanda ke ɓata a cikin shagonmu ba kwastoma ba ne, yaron shago ne.

Duk kun san yadda abin yake. Mace ta zo da goyo tana neman madarar jarirai ta 'yan wata shida. Yaro ya taka benci, ya ture katan ɗin taliya, ya leƙa bayan jerin ledojin omo da ke reto daga rufi, ya sauko yana sosa ƙeya. "Bari in kira oga." Oga kuwa ya tafi sari Jos, sabis ya ƙi. Matar ta gyara goyonta ta tsallaka shagon maƙwabci, alhali gwangwanin na nan bayan buhun sukari, inda aka cusa shi ranar da mota ta sauke kaya da dare. Ko da ya gan shi ma, farashin yana cikin kan oga.

Ban ga laifinku sosai a kan daina rubuta farashi ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kaya suka daina zama wuri ɗaya, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Wa zai yi ta goge maka kowane mako? Amma ku tuna dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta wajabta nuna farashi, kuma a Fabrairun 2024 hukumar FCCPC ta rufe wani babban kanti a Garki, Abuja, saboda abin da ke rubuce a kanta ya saɓa da abin da ake karɓa wurin biya. Babban amfanin allon nan gare mu ke nan, ba fitilar ba.

Duk da haka shawarata ita ce yawancinku kada ku saya yanzu. Kuɗinsa da dala ake lissafawa, yana buƙatar na'urar da ke aika masa saƙo, ita kuma tana buƙatar wuta, halin NEPA kuwa ba sai na gaya muku ba. Abin da ya fi waɗannan duka: allon ba ya sanin komai da kansa. Yana karanta jerin kayan da aka riga aka shigar a kwamfuta ne, kowanne da sunansa da farashinsa da mazauninsa. Wanda ba shi da wannan jerin, ya sayi takalmi ne kafin ya yi ƙafa.

Jerin kuwa kuna iya yinsa da wayar da ke aljihunku. Ku samu ranar da kasuwa ta yi sanyi, ku ba kowace kanta lamba da salatif da maka: ta ɗaya, ta biyu, sama, tsakiya, ƙasa. Ku ɗauki hoton kowane kaya, ku saka a kundin WhatsApp Business da farashinsa da lambar kantarsa. Yaro ya duba waya ya san inda zai miƙa hannu, oga yana Jos ya gyara farashi daga can, kwastoma tana gida ta ga ko akwai kafin ta biya ɗan acaba. Wahalar ba ta farawa ba ce, ta riƙewa ce: duk kayan da aka sauke, a kai shi mazauninsa kafin a rufe shago, ko da an gaji. Kayan mudu, irin su acca da masara da busasshiyar citta, ɗan allon katako da alli ya ishe su.

Masu sayar da maganin feshi, ku ne kuka fi damuna. A shagon kayan masarufi kuskure ya tsaya a ɓacin rai, a naku yana iya cinye gona. Bayan cutar da ta halaka citta a kudancin Kaduna a daminar 2023, manomi na shigowa ne a tsorace, yana cewa a ba shi "maganin citta" kawai. Robobin nan kuwa sun yi kama da juna, rubutunsu Turanci ne ƙanana. Mai ƙone duk wani kore yana jingine da mai zaɓen ciyawa, kusa da su na ƙwari da na ruɓa. Ku raba su kanta-kanta, ku ba kowace kanta launinta, ku rubuta aikin maganin da manyan baƙaƙe da Hausa, tunda ita ce Gwong da Ham da Bajju da Atyap da Fulani ke haɗuwa a kanta a kasuwa. Ga wanda bai yi karatu ba, ku liƙa hoton ciyawa ko na tsutsa. Kuma don Allah a daina ajiye su kusa da kayan ci.

Na san wani zai ce in ya rubuta farashi maƙwabci zai gani ya karya. Ai ya riga ya sani, ɗansa yake aikowa ya sayi magi. Tayi kuma yana nan daram a kan buhu da katan, ba wanda ke taya gwangwanin tumatir.

Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ba wanda ya yi muku lacca kafin ku karɓi POS da taransfa, buƙata ce ta kawo su. In akwai wanda allon nan zai dace da shi yau, to mai kanti ne da ke da sola, da kwamfuta a wurin biya, da kwastomomin da ke ɗauka da kansu. Shi ma ya gwada a kanta ɗaya tukuna, wadda farashinta ya fi motsi, ya kuma tsare mai tallan da tambaya. In na'urar ta lalace, wa zai gyara, a Kafanchan yake ko sai an aika Legas? Tana aiki in intanet ta ɗauke? Akwai kuɗin wata-wata bayan na saye, da naira ko da dala? Ƙurar hunturu fa? Ya amsa a rubuce, kafin a ba shi ko sisi.

Naku,
wani mai yawan tsayuwa a bakin shagunanku.