Wasiƙa Zuwa Ga Makanikai Masu Ɗaga Hilux Da Land Cruiser

Iyayen gidana, masu gareji daga Kano har Agadez.

Mai mota zai shigo yana cewa a ɗaga masa Hilux, a sa mata manyan tayoyi irin waɗanda ya gani a Facebook. Kafin ku ɗauki sifana, ku tambaye shi inda motar take zuwa da abin da take ɗauka. Mai bin rairayin Tenere zuwa Bilma da jarkokin mai da ruwa, buƙatarsa daban da ta mai kwaso buhunan masara cikin taɓon damina.

Da taya ake fara lissafi. Dogon sifirin, bodi da shasi yake ɗagawa. Tulun aksil na baya, wanda shi ne ke fara gugar ƙasa, yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke ɗaga shi. In aka cire 265/65R17 aka sa 285/70R17, tayar ta ƙaru da kusan milimita 55, amma rabi kawai ake samu a ƙarƙashin mota, bai kai santimita 3 ba. A kan wannan ɗan tazarar, maleji zai nuna 100 mota tana gudun 107, birki ya rage kamu, shan mai ya ƙaru, mota ta yi nauyi a hawa. Ku faɗa masa haka tun kuɗinsa na aljihunsa. In ya amince, ku murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, da lodi a kai, ku ga ko tayar na cin madigadi. Safaya ma ta zama girmansu ɗaya.

Sai ɗagawar. A ganina inci 2 ya ishi yawancin motocin aiki. Hilux ɗin 2005 zuwa yau kowace ƙafar gaba zaman kanta take yi, in kuka zarce inci 2 shaf zai karkace, robarsa ta yage, yashi ya shiga ya cinye shi. Land Cruiser 79 mai aksil guda a gaba ta fi haƙuri, amma ita ma sitiyarinta kan fara yawo in ba a gyara zaman aksil ba.

Don Allah a daina ƙara ganyen sifirin a bar tsohon shokazoba gajere, ko a yi wa riƙon sifirin walda don a tsawaita shi. Motar da za a yi wa lodi har sama, mutane su hau kai, duk incin da aka ƙara mata yana kusantar da ita ga kifewa a kwana.

In kun gama aikin, ku ɗaga motar ƙafafu su rataya, ku duba ko tiyon birki ya miƙe ƙam. Notikan bushin kuwa sai mota ta sauka ƙasa da nauyinta za a ɗaure su, sannan a kai ta alaimen a kuma saita fitilu. Direban da zai shiga rairayi, ku nuna masa yadda ake sassauta iskar taya, kada kuma ya fita ba famfo.

Allah Ya yi wa sana'a albarka.