Sakin masai cikin kwata laifi ne, mu daina ce masa ƙazanta kawai

Duk mazaunin Briqueterie ko Elig-Edzoa ya san abin da ke faruwa idan hadari ya haɗu da daddare. Ruwa na soma zuba, wasu masu gidaje sai su buɗe bakin ramin masai su sake shi cikin kwata. Wasu makanikai ma nan suke juye baƙin mai, wasu mahauta su tura jini da dattin tumbi. Gari ya waye kowa ya toshe hanci, a ce ai ƙazantar unguwa ce. Ni a ganina wannan suna ya yi wa abin sauƙi. Laifi ne, haka kuma doka ta ɗauke shi.

Dokar ruwa ta Kamaru mai lamba 98/005, ta ranar 14 ga Afrilun 1998, ta hana zuba duk abin da zai gurɓata ruwa, na rafi da na ƙarƙashin ƙasa. Hukuncin da ta yanka shi ne ɗaurin shekara 5 zuwa 15, da tarar sefa miliyan 10 zuwa 20. To jama'a, wa ya taɓa ganin an kai wani mai gida gaban alƙali a kan haka a unguwanninmu?

Mai sakin masai gani yake ruwa ya tafi da abin, shi ke nan. Ƙananan rafukan Yawunde irin su Ekozoa da Abiergue cikin Mfoundi suke zuba, Mfoundi ya faɗa Mefou, Mefou kuma ya faɗa Nyong. Daga Nyong ɗin nan ne matatar Akomnyada, kusa da Mbalmayo, take ɗibar ruwan da ake tacewa a turo mana.

Amma kafin a kai can, rijiyar maƙwabci ce take fara sha. A gangaren unguwanninmu ruwa ba shi da nisa a ƙasa, gidaje a cunkushe suke, sau da yawa taku kaɗan ne tsakanin rijiya da masai. Ranar da famfo ya ɗauke, rijiyar ce ta sha, ta girki, ta alwala. Mai hali ya sayi ruwan gora, talaka ya ɗebi abin da ya samu. Ni malamin makaranta ne, ni ke kiran suna kowace safiya. Da damina ta kankama sai ka ji wane yana gida da gudawa, wance an kai ta asibiti da taifod. Ba mu manta kwalarar da ta addabi Yawunde a 2023 ba.

Gaskiya ne aikin jawo ruwa daga kogin Sanaga, wanda ya soma a 2024 da ƙarfin kubik mita 300,000 a rana, ci gaba ne. Sai dai bututun Camwater bai shiga kowane lungu ba, kuma ba kowane gida ke da kuɗin jawo shi ba. Rijiya tana nan tare da mu.

Na san amsar masu gidaje: motar kwasar masai da tsada, kuma ba ta iya shiga lungu. Wannan uzuri ne na gaske, amma bai halatta zuba wa 'ya'yan wani cuta a randa ba. Mai karɓar kuɗin haya duk wata, kwasar masai tana cikin haƙƙin da ke wuyansa.

Shawarata uku ce. Magadan gari na Yawunde I da Yawunde II su samar da ƙananan injinan zuƙa da za su shiga lungu, gidaje biyar ko goma su haɗa kuɗi rana guda, a kai dattin matatar Etoa da aka gina don haka. A ajiye durom a kowane gareji don tara baƙin mai. Sarakunan unguwa da limamai su faɗa wa mutane ƙarara cewa cutar da maƙwabci ta hanyar ruwa zalunci ne.

Idan an buɗe wa mutane hanya, wanda ya sake buɗe masai cikin kwata a kai shi gaban hukuma, ko da kuwa babban alhajin layi ne.