Gabas ce sifiri, in ji AutoCAD



Mu da muka yi difloma a fannin gini a foliteknik ba ma mantawa da AutoCAD, manhajar zanen da kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar tun 1982. Ranar farko da muka buɗe ta, ba ta tambaye mu komai ba, ta riga ta yanke mana hukunci. Idan da samfurin acad.dwt ka fara, filin zanenka inci 12 ne da 9, alhali mu da milimita aka koya mana awo. Ka ja bangon ɗaki mai tsawon 3600, sai layin ya fice daga allo ka rasa inda ya ƙare. Ka rubuta sunan ɗakin, tsayin harafin 0.2 ne, ko tururuwa ta fi shi girma.

Kusurwa ma haka. A wurinta sifiri gabas yake, lissafin kuma yana juyawa saɓanin hannun agogo. Malamin safiyo kuwa daga arewa ya koya mana farawa, muna bin agogo.

Wadda ta fi ba mu dariya, bayan ta gama ba mu haushi, ita ce leyar Defpoints. Manhajar da kanta take ƙirƙirarta da zarar ka sa awon farko, kuma duk abin da ka zana a kanta za ka gan shi ras a allo, amma ba ya fitowa a takarda. Mun kwana muna zanen gida, da safe muka biya kuɗin bugawa, gida ya fito babu ƙofa ko ɗaya.

Wani lokacin abin ya wuce wasa. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda manhajar wani ɓangare tana ba da lissafi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma na ɗauka niyuton ne.

Kada marubuci ya ce wannan bai shafe shi ba. Sau nawa muka buɗe Word muka tarar da takarda a kan Letter, wadda ta fi A4 faɗi kuma ta fi ta gajarta, muka tsara littafi a haka, sai a wurin bugu shafuka suka goce? Muna rubuta “i” ta amsawa, ta mayar mana da ita “I” don ta zaci Turanci muke yi. Ta ja jan layi ƙarƙashin kowace kalma kamar malamin da ya tsane mu. Mafi ciwo, idan allon rubutun waya bai zo da ƙ, ɗ da ɓ ba, sai mu haƙura mu zubar da su, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, mai karatu ya yi ta laluben ma'ana.

Ba mu ce saitin da manhaja ta zo da shi banza ba ne, dole ta fara da wani abu, kuma yana rage wa ɗan koyo wahala. Amma wani ne ya zaɓe shi a ofishinsa, yana duba buƙatun mutanensa, mu kuma muka ɗauke shi kamar doka. Gyara duk waɗannan bai kai minti goma ba. Kafin ku turo labarin mako mai zuwa, ku mayar da takarda A4, ku kashe gyaran kai-tsaye, ku sa allon rubutu na Hausa. A Gboard yana nan cikin jerin harsuna, kyauta ne.