Wanda Ya Yi Caca Da Kujerarsa: Darasin Air France Ga Masu Mafarkin Jirgin Ƙasa

Wannan rubutun yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Jiya a majalisarmu gardama ta kaure kan abin da yake kashe kamfanonin jiragen sama. Wani ya ce tsadar man jirgi ce, wani ya ce dala ce, wani abokina ɗan kasuwa kuma ya buga ƙasa ya ce 'yan ƙungiyar ƙwadago ne, wai da zarar an bar su sun yi ƙarfi to kamfani ya mutu. Na ce masa Alhaji, duk abin da kuka lissafa gaskiya ne, amma akwai wanda kuka tsallake, shi ne mutumin da ke zaune a kujerar shugabanci da irin zaman da yake yi da ma'aikatansa. Na yi alkawarin zan kawo misali a rubuce. To ga shi.

Mu je Faransa. A 2004 kamfanin Air France ya haɗe da KLM na ƙasar Holan, suka zama uwa ɗaya uba ɗaya a takarda, kowa da tambarinsa. Mutanen Kano da suka manyanta sun san KLM, don ya yi shekaru masu yawa yana sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano kafin ya daina a 2012. Air France kuwa har gobe yana zuwa Legas da Abuja. Ke nan ba baƙon kamfani muke magana a kai ba.

Wannan kamfani ya daɗe yana fama da rikicin cikin gida. A watan Satumban 2014 matuƙa jirginsa suka yi yajin aikin mako biyu saboda shirin faɗaɗa Transavia, ƙaramin kamfanin araha da ke ƙarƙashinsu. A watan Oktoban 2015 kuma duniya ta ga hoton da ba za a manta ba. An sanar da shirin rage ma'aikata 2,900, fusatattun ma'aikata suka kutsa wurin taro, shugaban sashen kula da ma'aikata Xavier Broseta ya tsira da ƙyar, an yage masa riga, yana haura katangar waya ba riga a jikinsa. Ka ɗauka kai ne kake da miliyoyinka kana tunanin sayen hannun jarin kamfanin, sai ka ga wannan hoto a talabijin. Za ka saya?

A 2016 aka kawo Jean-Marc Janaillac don ya sasanta. Zuwa farkon 2018 kamfani ya fara samun riba, ma'aikata suka ce to tunda an samu, a tuna da mu, don tun 2011 ba a yi ƙarin albashi na bai-ɗaya ba. Suka nemi ƙarin kashi 5.1 cikin ɗari a wannan shekarar. Shugabanni suka ce za su ba da kashi 7 amma a rarrabe cikin shekara huɗu, kashi 2 kawai a shekarar farko. Aka shiga yajin aiki na tsalle-tsalle, yau a yi gobe a huta, tun daga Fabrairu.

A nan Janaillac ya yi abin da nake kira cacar shugabanci. Ya ce shi bai yarda shugabannin ƙungiyoyin nan suna magana da yawun talakawan ma'aikata ba, don haka zai tsallake su ya tambayi ma'aikata kai tsaye ta hanyar ƙuri'a. Bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa idan aka ƙi tayinsa zai ajiye aiki. A lissafinsa masu yajin aikin tsiraru ne, mafi yawa sun gaji, za su mara masa baya. Ranar 4 ga Mayun 2018 sakamako ya fito: kashi 55 cikin ɗari sun ce ba sa so. Ya cika alkawari ya yi murabus. Ranar Litinin da kasuwa ta buɗe, darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi da kusan kashi 10 cikin ɗari a yini ɗaya. Ministan kuɗin Faransa na lokacin, Bruno Le Maire, ya fito ya gargaɗe su cewa gwamnati ba za ta biya musu bashi ba, kuma kamfanin na iya ɓacewa idan bai gyara ba, alhali gwamnatin tana da kusan kashi 14 na hannun jarin. Yajin aikin kwana 15 ɗin nan ya ci wa kamfanin kusan Yuro miliyan 335.

Ku lura da abu ɗaya. A ranar da hannun jari ya faɗi, jirgi ko ɗaya bai lalace ba, man jirgi bai yi tashin da zai jawo haka ba, fasinjoji ba su ƙaurace wa Paris ba. Abin da ya zube shi ne amana. Masu zuba jari sun ga cewa babu wanda yake riƙe da linzamin gidan. Shugaba ya auna ƙarfinsa a bainar jama'a ya ga bai kai ba, ƙungiyoyi sun yi nasara amma ba su da wanda za su zauna da shi a kammala magana.

Dalilin da ya sa harkar jirgi ta fi sauran kasuwanci jin zafin irin wannan rikici a bayyane yake. Mai shagon atamfa idan yaransa suka ƙi fitowa yau, atamfarsa tana nan gobe zai sayar. Kujerar jirgin da bai tashi yau ba kuwa ta tafi ke nan har abada, amma kuɗin hayar jirgin da inshora da bashin banki suna nan suna tafiya ko jirgin yana sama ko yana ajiye. Sannan matuƙin jirgi ba direban da za ka je tasha ka ɗauko wani ba ne. Horar da shi shekaru ne, kuma kowane samfurin jirgi da takardar ƙwarewarsa daban. Ribar harkar kuma siririya ce ƙwarai. Shi ya sa mai zuba jari mai hankali, kafin ya duba yawan jirage, yake fara tambayar yaya shugaban nan yake da matuƙansa.

Sai aka ɗauko Benjamin Smith daga Air Canada a watan Agustan 2018, mutum na farko da ba Bafaranshe ba da ya shugabanci kamfanin. Ƙungiyoyi suka yi ca, wai ta yaya za a miƙa kamfanin ƙasa ga baƙo, ga kuma albashin da aka yanka masa wanda zai iya haura Yuro miliyan 4 a shekara, fiye da ninki uku na wanda ya gada. Kowa ya zaci wuta za ta ƙara ruruwa. Amma mutumin ya zo da tarihi, don a Kanada yana cikin waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar shekara goma da matuƙa jirgi. Ya kuma yi alkawarin zuba rabin tsayayyen albashinsa cikin hannun jarin kamfanin, wato idan jirgin ruwan ya nutse har da shi a ciki. Cikin Oktoba, wata ɗaya da 'yan kwanaki da kama aiki, aka sa hannu: ƙarin kashi 2 na 2018 da za a biya tun daga Janairu, da wani kashi 2 a Janairun 2019. Daga baya aka daidaita da matuƙa jirgi daban.

Yanzu ku kwatanta. Janaillac ya yi tayin kashi 7 aka yi watsi da shi. Smith ya ba da kashi 4 aka karɓa. E, tsarin biyan ya bambanta, na Smith ya zo da wuri kuma bai ɗaure hannun ma'aikata na shekara huɗu ba, ga shi kowa ya gaji da rigima. Amma ni abin da na karanta a ciki shi ne, ɗaya ya nemi ya kunyata wakilan ma'aikata a gaban mabiyansu, ɗayan ya zauna da su ya bar musu abin da za su koma gida su nuna. Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A teburin sulhu mutunci ma kuɗi ne.

Kada a zaci labarin ya ƙare da daɗi kawai. A Fabrairun 2019 aka fara raɗe-raɗin ba za a sabunta wa shugaban KLM Pieter Elbers wa'adi ba. Ma'aikatan KLM dubbai suka sa hannu a takardar goyon bayansa, abin da ba kasafai ake gani ba, ma'aikata suna kare shugabansu. Aka bar shi. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Holan ta sayi kusan kashi 14 na hannun jarin kamfanin a asirce ba tare da sanar da Faransa ba, don kada a riƙa yanke hukunci a Paris ba da ita ba. Hannun jari ya sake faɗuwa, saboda 'yan kasuwa sun ga gwamnatoci biyu za su riƙa jan igiya ɗaya. Wato ba yajin aiki kaɗai ke korar mai kuɗi ba, katsalandan ɗin 'yan siyasa ma yana kora.

Abokina Alhaji zai ce to ai maganin shi ne a samu shugaba mai taurin kai ya murƙushe ƙungiyoyin. An gwada, a Ostareliya. Alan Joyce na Qantas a Oktoban 2011 ya dakatar da dukkan jiragen kamfanin a faɗin duniya don ya karya lagon ƙungiyoyi, fasinjoji dubbai suka maƙale. Masu hannun jari suka daɗe suna yaba masa. A 2020 lokacin korona kamfanin ya sallami ma'aikatan lodin kaya kusan 1,700 ya ba 'yan kwangila aikin. A 2023 aka sanar da ribar da ba a taɓa samu ba. A shekarar dai asiri ya tonu: hukumar kare masu saye ta maka kamfanin a kotu kan sayar da tikitin jiragen da aka riga aka soke, Joyce ya sauka wata biyu kafin lokacinsa, babbar kotun ƙasar ta tabbatar korar ma'aikatan nan ta saɓa doka, kuma a taron shekara masu hannun jari kashi 83 cikin ɗari suka ƙi amincewa da rahoton albashin manyan shugabanni. Waɗanda suka yi masa tafi jiya su ne suka juya masa baya. Ramin mugunta a gina shi gajere.

Ba ina wanke ƙungiyoyin ƙwadago ba ne fa. Yage wa mutum riga ta'addanci ne, kuma kotu ta hukunta wasu daga cikin waɗanda suka yi. Matuƙin jirgin da yake cikin masu albashi mafi tsoka, idan ya tsayar da kamfani, mai share jirgi da mai sayar da tikiti ne za su fara rasa aiki idan abin ya rushe. Ƙungiyar da ba ta duba littafin kuɗin kamfani kafin ta yi buƙata, tana sare reshen da take zaune a kai ne. Amma nauyin farko yana kan shugaba, don shi aka ba amana kuma shi ake biya mafi tsoka don ya iya da kowa.

Mu dawo gida, don nan ne abin yake mini ciwo. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, ma'aikatansa suka yi shekara goma sha biyar suna bin haƙƙinsu, sai a 2018 gwamnati ta saki wani kaso, bayan da yawa sun rasu suna jira. Arik, wanda ya taɓa zama mafi girma a ƙasar nan, ƙungiyoyi sun rufe masa aiki a Disambar 2016 kan bashin albashi, kafin wata biyu AMCON ta karɓe shi a Fabrairun 2017. Nigeria Air kuma an ƙaddamar da tambarinsa a Ingila a Yulin 2018, aka dakatar, aka farfaɗo da shi da Ethiopian Airlines, aka kawo jirgi ɗaya Abuja a Mayun 2023 ana saura kwana uku gwamnati ta sauka, sannan aka sake jingine maganar. Duk mai kuɗin da za mu roƙa ya zuba jari a jirgin ƙasa nan gaba, wannan tarihin zai fara karantawa. Zai tambaya wa zai naɗa shugaba, shin minista zai iya cire shi da wayar tarho ɗaya, kuma me aka yi wa ma'aikatan da suka gabata.

Ku dubi Ethiopian ɗin da muke sha'awa. Mallakar gwamnati ne ɗari bisa ɗari, amma Tewolde Gebremariam ya shugabance shi daga 2011 zuwa 2022, kuma wanda ya gaje shi, Mesfin Tasew, a cikin gidan ya taso. Ba a canza musu shugaba duk lokacin da aka yi wa majalisar ministoci garambawul.

Ra'ayina dai shi ne, duk shugaban kamfanin jirgin da ya zo yana cika baki zai yi maganin ƙungiya, ka riƙe kuɗinka. Wanda kuma yake ba da duk abin da aka nema don a zauna lafiya yau, shi ma ka riƙe kuɗinka. Nemi wanda yake buɗe littafi ya nuna wa ma'aikata abin da ya shigo da abin da ya fita, yake biyan albashi a kan lokaci kafin ya sayi sabuwar mota, kuma idan za a ɗaure ciki yake fara ɗaure nasa.

Akwai 'yan uwa a nan da suka yi aiki a filayen jirginmu, wasu ma iyayensu tsofaffin ma'aikatan Nigeria Airways ne. Ina so in ji daga gare ku, musamman inda kuke ganin na yi kuskure. Alhaji kuma na san kana karantawa, shayin gobe a wuyanka yake.

Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, Ya sa mu ma mu riƙe tamu.