Ɗaukar Wanka Ba Sai Da Bashi Ba

Ɗan'uwa, yayin da ake ciki kowa ya san shi: riga mai faɗi, wando buhu mai aljihu a cinya, farin kambas da hana-salla. Kana buɗe TikTok shi za ka fara gani. Abin takaicin shi ne, wasu har bashi suke ci don takalmi mai tambarin Nike wanda kowa ya san jabu ne, wata biyu ya ɓare baki. Yayi kuwa ba ya jira ka gama biya.

Shawarata, kada ka kwashi yayi gaba ɗaya, tsinci abin da ya karɓe ka. In kana Kano, leƙa Ƙofar Wambai. Gwanjo mai kyau ya fi sabon jabu ƙarko. Duba ɗinki, zif da hammata kafin ka biya. Wandon da ya yi maka yawa, tela zai rage ƙugun. Ko ka yanki yadi a Kantin Kwari a ɗinka maka daidai jikinka. Fara da baƙi, fari da ruwan ƙasa, don suna shiga da komai.

Sannan ka sa naka hannun. Rigar rinin Ƙofar Mata a kan jins, ko hular zanna maimakon hana-salla. Ke ma 'yar'uwa, abayarki da kambas mai tsafta sun wadatar.

Kayan aro ba ya rufe katara. Kala uku masu wanki da guga sun fi goma na bashi.