WAYAR CETO SAI DA MAI ƊAUKA WANDA YA SAN AIKI

Duk wanda ya daɗe a Sabon Badun, ko Agege, ko Shagamu, ya san yadda motocin Arewa ke sauka da asuba. Bayan buhunan albasa da kwandunan tumatir, a kan ga wata dattijuwa ta sauko da 'yan mata uku ko huɗu, ta ce 'ya'yan ƙanwarta ne. Kwana biyu sai a rarraba su gidaje aikatau, kuɗin wata kuma ya riƙa shiga hannun dattijuwar. Wasunsu daga nan ake yi musu fasfo, a ce za su Umra, ko kuma an samo musu aiki a Libiya. Wannan fataucin mutane ne, ko da an laƙaba masa sunan taimako.

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar hana fataucin mutane, wato NAPTIP, a 2003, aka kuma sabunta dokarta a 2015. Hukumar tana da gajeriyar lambar waya, 627, wadda ake bugawa don kai ƙara ko neman ceto. To, amma lamba ita kaɗai ba ta ceton kowa. Abin dubawa shi ne wanda zai ɗauka, da irin horon da aka ba shi.

A nan ne aikin masu horaswa na ƙasashen waje ya shigo. A Amurka, ƙungiyar Polaris ta fara tafiyar da irin wannan waya ta ƙasa baki ɗaya a 2007. A 2013 kamfanin Google ya ba da dala miliyan 3 ga Polaris da La Strada ta Turai da Liberty Asia domin su haɗa wayoyin ƙasashe daban-daban. Ingila ta buɗe tata a 2016 a hannun ƙungiyar Unseen, Kanada kuma a 2019.

Abin da ake koyarwa a irin wannan kwas ba shi da wuyar ganewa, amma sai da natsuwa. Mai ɗaukar waya zai fara tambayar mai kira ko tana wurin da za ta iya magana ba tare da an ji ta ba. Ba zai sake kiran lambarta ba sai da izninta, don kada wayar ta faɗa hannun uwar ɗakinta. Ba zai yi alkawarin abin da ba zai iya cikawa ba. Zai nemi alamu: an ƙwace fasfo, an ɗora bashin da ba ya ƙarewa, an hana fita, ba a biyan lada. Sa'an nan tilas ya kasance yana da jerin wuraren da zai tura ta, wato mafaka, da asibiti, da lauya, da jami'in da aka amince da shi.

Haɗa wayoyin ƙasashe kuwa ya zama dole, domin 'yan fataucin ba su san iyaka ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada kusa da Arlit ta Jamhuriyar Nijar, yawancinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya. A 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna ana gwanjon baƙaƙen fata a Libiya. Yarinyar da aka kulle a Sabha ko Jidda ba za ta sami gajeriyar lambar Nijeriya daga can ba. Sai in akwai wata waya a ƙasar da take, wadda ma'aikatanta suka san wa za su sanar a nan gida.

Duk da haka, akwai abin da littafin Bature bai sani ba. A Jihar Edo rantsuwar tsafi ce ke ɗaure bakin 'yan mata, shi ya sa Oba Ewuare na Biyu ya warware ta a bainar jama'a a watan Maris na 2018. A Arewa kuwa kunya da zumunci ne ke ɗaure baki. Wadda ta kawo yarinyar sau da yawa gwaggonta ce ko ƙawar uwarta. Yarinyar za ta ce “ba komai” alhali kuwa da komai, kuma wanda ya tashi cikin al'adar ne kaɗai zai gane. In ta buga aka amsa mata da Turanci, kashe wayar za ta yi, ba kuma lalle ta sake samun wata dama ba.

Saboda haka akwai abubuwa uku da ya kamata a nace a kansu. Na farko, a sami masu jin Hausa da Fulatanci da Barbarci a bakin wayar dare da rana, musamman mata. Na biyu, baƙin da ke zuwa horaswa su horar da 'yan ƙasa waɗanda za su ci gaba da horar da wasu, gwamnati kuma ta ware kuɗin aikin a kasafinta, don kada wayar ta mutu ranar da taimakon waje ya ƙare. Na uku, a kai horon zanguna da tashoshi. Sarakunan Hausawa, da limamai, da direbobi, da 'yan kamasho su ne ke fara ganin yaran nan kafin kowane jami'i.

Wasu za su ce aikatau ke ciyar da gidaje da yawa a ƙauye, kuma buga waya tonon asiri ne. Babu mai hana baliga aikin da ta yarda da shi, ta karɓi ladanta da hannunta, ta tafi in ta ga dama. Amma dokar 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Wanda ya ga haka a maƙwabtansa ya yi shiru, asirin dillaliya ya rufa, yarinyar kuwa ya bar ta a hannun Allah. Lambar dai ita ce 627. Allah ya tsare zuri'a, amin.